Ragar Tare Iska

Buzu. Butar alwala. Gafakar littattafai. Jarkar mai. Rabin buhun albasa da ƙullin tafarnuwa, tsarabar Malam Junaidu. Sufana da filaya cikin tsumma. Sai wani dogon kwali da ya ƙi shiga but ɗin mota, na kwantar da shi a kujerar baya na ɗaure da igiya.

Abin da muka ɗauko daga gidanmu na Wurno ke nan. Mun bar gonakin shinkafa a baya, mun miƙi hanyar Rabah, rana ba ta yi zafi ba tukuna. Baba yana zaune a gefena. Hannu ɗaya ya dafe rawani, ɗayan yana nuna wani abu can cikin fadama. Bakinsa yana motsi. Ban ji komai ba sai iska.

Motar daga Jamus na zo da ita, inda na yi karatun aikin ruwa. Tsohuwa ce, ƙofa biyu, rufinta na tamfol da ake naɗewa baya. Cikin sanyi na saye ta, lokacin da ba mai neman irinta. Mutanen Goronyo suka sa mata suna Mara Hula. A can nake aiki, a ofishin noman rani da ke gindin dam, ina auna ruwan da ake sakar wa magudanai. An ba ni gida a kwatas, ɗaki biyu, kujera ɗaya, sai rediyo. Abokan aikina kowa da iyalinsa a Sakkwato, ana tashi ran Juma'a sai wurin ya zama ni da maigadi da kwaɗi.

Baba shi ne Malam Abdulƙadiri, tsohon alƙali, dogon mutum mai babban rawani. Ranar farko da zai shiga motar na rufe tamfol don kada rana ta dake shi. Rawanin ya tokare rufin, ya zauna a duƙe kamar mai neman allura. Ƙanwata Safara'u tana tsaye a bakin zaure. Ya dube ta ya ce, "Ce ma mai motag ga shi buɗe ta. Ni ba buhu ba na."

Ina zaune a gefensa, kafaɗarmu ta kusa haɗuwa.

Ni ne ɗan fari. Sunana Lawwali, kuma ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Kakata ce ta raine ni, daga hannunta sai makarantar kwana, daga can sai jirgi. Inna ta rasu ina waje. In Baba yana da saƙo gare ni, sai ya nemi wanda ke kusa ya ba shi, in ba kowa ya faɗa wa bango. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, shi ma haka aka yi masa. Na sani. A Jamus na zauna gidan haya inda maigidan da babban ɗansa suke gardamar ƙwallo a kan tebur, har uban ya ja wa ɗan kunne. Na gani, na ci gaba da cin abincina.

Duk Alhamis Baba yana zuwa Rabah wurin Malam Junaidu, abokin karatunsa tun ƙuruciya, wanda idonsa ya mutu. Baba ke karanta masa littafi. Da a-kori-kurar Ƙasimu mai jigilar albasa yake bi. Da na dawo sai na roƙi ofis su ba ni Alhamis in biya da Asabar, na ce wa Safara'u ta gaya masa akwai mota. Ya ce ta gaya wa mai motar ya ji.

A tafiya ta biyu maganar ta fara. Da na taka mota iska ta cika ta, sai na ga bakinsa yana motsi. Na ɗauka wuridi ne. Amma mai wuridi ba ya nuna gona da yatsa, ba ya girgiza kai, ba ya dariya har ya bugi gwiwarsa. Baba yana yin duka ukun. Wani lokaci kalma ɗaya takan tsallako. Ambaliya. Jaki. Sau ɗaya na ji kamar ya ce "innarka". In na rage gudu a bakin ƙauye sai ya yi shiru, ya ɗaga wa mutane hannu. In mun fita ya ɗora daga inda ya tsaya. Mun yi wata da watanni a haka, yana ba da labari, iska tana kwashewa ta bayan kaina.

Kwalin daga shagon Alhaji Tambari na ɗauko shi, mai sayar da kayan mota a Sakkwato. Na je neman bel ɗin fanka, ya jawo wani abu daga bayan tayoyi.

"Injiniya, zo ka hwaɗa min mi na wanga. Cikin kayan Kwatano ya zaka. Wani ya ce min rariyar yashi ta, wani ya ce ta shanyar kihi ta."

Baƙar raga ce a cikin firam na ƙarfe, mai naɗewa gida biyu. Na san ta. Na gaya masa a bayan kujerun gaba ake kafa ta a irin motata. Iska tana hawa ta kan gilashin gaba, ta juyo, ta daki mutum ta ƙeya. Ragar ita ke karya ta.

"To mi na amfanin motad da anka yanke ma kai, in kuma ba ka son iska?"

"Rawanin Baba ne yake warwarewa."

"Allah shi ƙara ma Alƙali lahiya. Ɗauki ka gwada. In ta yi ka biya, in ba ta yi ba ka maido min, in sai da ma masu kihi."

Na ce aibinta ɗaya, in an kafa ta ba mai zama a baya.

"Kai da ba ka aje iyali ba, wa za ka ɗauka baya? Aljanun dam?"

Ya yi dariya, ni ma na yi. Ban gaya masa rawanin bai taɓa warwarewa ba. Baba ya iya riƙon abinsa.

Mun shiga Rabah da hantsi. Malam Junaidu yana zaure a kan tabarma, ya jingina da bango, ya ji ƙarar motar tun daga nesa.

"Lawwali na Jamus! Har yanzu ba a sai ma yarinyag ga hula ba?"

Na durƙusa na gaishe shi. Ya laluba kaina, ya tambayi ruwan dam, ya ce mutanen Tursa suna kuka wai mun riƙe musu gulbi. Na ce ba gulbinsu muka riƙe ba. Ya ce in ba nasu ba ne na wani ne. Baba ya ɗauki buta ya zaga baya. Malam Junaidu ya saurara har takunsa ya ɓace, sannan ya sassauta murya.

"Abokina ya ce ya yi sa'ar direba. Wai kurma na. Komi ya hwaɗa mai bisa hanya, ba shi kai ma kowa."

"Ba kurma ba ne, Baba Malam. Iska ce. Ba na jin abin da yake faɗi."

"Ko kaɗan?"

"Kalma ɗaya, biyu."

"To Allah shi ƙara iska," ya ce, ya ƙyalƙyale da dariya har da tari.

Na ɗauka tsokana ce irin tasa. Abin da na riƙe kawai shi ne, ba wuridi ba ne. Da ni yake.

Na kai motar gindin tsamiyar da ke gefen gidan, na kwance kwalin. Daga zaure muryar Baba ta fara fitowa, Larabci a tsanake, yana tsayawa Malam Junaidu ya yi gyara ko ya ce a maimaita. Ta bango na fi sanin muryarsa. Ragar ba ta irin motata ba ce, ƙugiyoyinta sun fi ramukan faɗi. Na lanƙwasa su da filaya kaɗan-kaɗan, na yanke yatsa, na ɗaure da tsumma. Wani mai jaki ya tsaya yana kallo, ya tambaya ko kaji zan ɗauka. Na ce e. Ya ce ai za su tashi ta sama. Na ce masu biyayya ne. Ya kaɗa jakinsa ya wuce.

An kawo mini fura daga cikin gida. Na sha a inuwar motar.

Bayan azahar na fita gwaji ni kaɗai, na bi hanyar Gandi. Na ajiye tsumman a kujerar Baba, na taka mota. Tsumman bai tashi ba. Hular kaina ba ta motsa ba. Sama a buɗe, itatuwa suna wucewa a guje, amma a cikin motar kamar ɗaki. Na ji ƙarar makulli yana bugun sitiyari, abin da ban taɓa ji ba. Na ce "Baba" da murya irin ta hira, na ji kaina sarai. Abin yana aiki. Na juyo.

Da aka yi la'asar suka rufe littafi. Na mai da buzu da buta da gafaka cikin but, na cusa kwalin da na naɗe a kansu. Malam Junaidu ya rako mu bakin zaure da sandarsa.

"Kurma, a sauka lahiya."

Baba ya shiga bai waiwaya ba. Muka bi cikin gari a hankali, yana amsa gaisuwa dama da hagu. Da muka fita na ƙara gudu. Hannunsa ya tashi ya dafe rawani kamar kullum. Ya ɗan jima a can, sannan ya sauko a hankali ya kwanta a kan gwiwa. Ina kallon hanya.

Muka gangaro inda hanya ta ratsa fadama, wurin da ya nuna da safe. Masu albasa suna ta ban ruwa, injinan famfo suna hayaƙi a bakin rijiyoyi. Baba ya ɗaga yatsa.

"Shekarad da anka haihe ka, nan wurin ruwa ya kai ma mutum wuya, ni da innarka muna bisa..."

Kowace kalma ta fito ta zauna tsakaninmu. Murya ce mai sauƙi, har da ɗan raha a cikinta, ba irin ta karatu ba. Na juya na dube shi ido cikin ido.

"Na'am, Baba?"

Yatsan ya tsaya a sama. Ya dube ni, karo na farko da na iya tunawa, sannan ya kau da kai kamar wanda ya buɗe ƙofar ɗakin da ba nasa ba. Ya waiwaya baya. Ya daɗe yana kallon baƙar ragar. Ya kai hannu ya taɓa ta, ya ji iska tana dukanta ta wancan gefen. Sannan ya gyara zama, ya ja amawalin rawaninsa ya rufe bakinsa har hanci, ya zaro tasbaha daga aljihu.

Ina jin ƙwayoyin tasbahar suna faɗawa kan juna. Har wannan ragar ta bar ni in ji.

Na ƙara gudu. Ba abin da ya canza, an ƙera ragar da kyau. Na sauke gilashin gefena, iska ta ɗan shigo ta kaɗa mini hannun riga, ba ta kai gare shi ba. Na yi tunanin in tsaya in kwance ta a bakin hanya. Amma in na tsaya na ce masa na gane ke nan, kuma wannan ya fi na farko nauyi. Na ci gaba da tuƙi.

Hanyar ba ta taɓa yi mini tsawo haka ba. Mun wuce garken shanu yana tsallaka hanya, mun wuce motar tumatir da ta mutu an tare ta da duwatsu, mun wuce mata da ƙwarya a ka. Duk waɗannan da sai ya ce wani abu a kansu, na sani, don na saba ganin haɓarsa tana motsi ta gefen idona. Yau ba ya ko ɗaga wa mutane hannu sai sun fara. A da ina tsammanin ni kaɗai nake zaune a motar nan, iska ta raba ni da shi. Yanzu na ga yadda zaman kaɗaicin yake.

Mun isa Wurno rana ta yi ja. Safara'u ta fito karɓar kaya, mayafi a kafaɗa, hannunta da garin tuwo. Ita ce auta. Da ita Baba yake hira har ta yi masa gardama.

Ya fito, ya gyara riga, ya tsaya yana fuskantar ta.

"Ce ma mai mota an gode. Rawani bai motsa ba yau."

"To, Baba."

"Ki kuma aika ma Ƙasimu. Alhamis shi biyo ta nan."

Ya shiga zaure. Na ji ya shimfiɗa tabarma.

Safara'u ta dube ni, ta dubi ragar, ta sake dubana.

"Yaya, mi ka yi mai?"

"Na ji shi."

"Ka ji mi?"

"Rabin magana."

"Kuma ka tanka?"

"Na ce na'am."

Ta dafe baki da bayan hannu, gari ya shafe mata haɓa. "Kai Yaya. Duk karatun ga naka. Ka dube shi ma, ko?"

Na gyaɗa kai.

"Wace magana ta?"

"Shekarar da aka haife ni. Ruwa ya cika fadamar hanyar Rabah. Shi da Inna suna kan wani abu."

"Bisa mi?"

"Nan ya tsaya."

"Jirgi na ko raƙumi, ɗaya dai." Ta matso, ta rage murya. "Bari in ya ci tuwo in tambaye shi. Ni zai hwaɗa min duka, har da abin da ba a tambaya ba. Gobe in ba ka."

Na duba tayin. Zan san ko jirgi ne ko raƙumi. Zan san abin da Inna ta ce, da wanda ya tsamo su.

"A'a."

"Don mi?"

"Ke zai gaya wa ke nan."

"To ai labarin ɗaya na."

"Bar shi."

Ta ɗaga kafaɗa. Na buɗe but na ɗauko filaya da kwalin. A ƙofar gidan na yi aikin, daf da tagar zaure, ban sassauta ba. Ƙugiyoyin da na lanƙwasa ɗazu sun kama gam, sai da na buga da sufana. Ƙarfe ya yi ƙara, kajin maƙwabta suka watse. Na miƙe ƙugiyoyin yadda na same su, na goge ragar da hannun riga, na naɗe ta gida biyu, na mai da ita cikin kwali.

Safara'u tana tsaye da gafaka a ƙirji.

"Ba ta yi ba?"

"Ta yi. Ban taɓa ganin abin da ya yi aikinsa kamarta ba."

"To in aika ma Ƙasimu ko in bari?"

"Baba ya ce ki aika. Ki aika."

"Kai hwa?"

"Ki gaya masa an cire."

"Shi ke nan saƙon?"

"Shi ke nan."

Ta juya ta leƙa zaure, ta faɗa da ƙarfi kamar mai kiran wani a gona, "Baba, mai mota ya ce an cire!"

Muka jira. Can ya yi gyaran murya.

"Ce mai magariba ta gabato, hanyar Goronyo ba ta da kyau."

Ban san ko amsa ce ba. Safara'u ma ba ta sani ba, na gani a fuskarta. Na kwantar da kwalin a kujerar baya, na ɗaure da igiya. Ta biyo ni har gefen motar.

"Yaya, in ya koma magana ba ka ji hwa. Har abada ba ka ji."

"Na sani."

"To mi ka samu?"

Ladan ya fara gyara lasifika a masallacin unguwa. Na shiga, na ja ƙofar ta rufu.

"Gobe zan mai da wa Alhaji Tambari kayansa, ba zan saya ba," na ce. "Alhamis ina nan tafe tun kafin Ƙasimu. Ko ya shiga ko bai shiga ba."